Ciyawar Roba a Kan Dutsen Mardiya

Tanti Barira, salamu alaikum.

Don girman Allah ki agaza mini da shawara, kuma kada wasiƙata ta daɗe a layi, saboda saura sati uku cif a sa diga a bayan ɗakina, ni kuwa na rasa bakin da zan ce a dakata. Na jima ina karanta filinki ina yi wa masu rubuto miki dariya, ina cewa mutum da girmansa ya kwashi sirrin cikinsa ya kai jarida. To yau ga ni na shigo sahu. Dama an ce wanda bai mutu ba, ba a gama masa halitta ba.

Ni tsohuwar malamar lakwal ce a nan Tasawa, asalina 'yar Urafane. Shekara talatin da huɗu ina shaƙar alli kafin in aje shi. Maigidana, wanda nake kira Malam, ya rasu shekara uku ke nan. 'Ya'yana biyar, duk sun watse neman abinci, daga Yamai sai Damagaram sai Agadas, suka bar ni da gida mai faɗi da kaji da akuya ɗaya mai taurin kai. Sunayen da za ki gani a nan duk na aro ne, ban da guda ɗaya. In kin zo kansa za ki gane shi.

Babban ɗana, mu ce masa Abdul Razak, ma'aikaci ne a Yamai, yana da yara biyu, Huda da Hisham. Duk bakansi, wato hutun makaranta, yana kawo mini su, amma kowace shekara kwanakin raguwa suke yi. Bara kwana huɗu kacal suka yi. Hisham ya dubi tsabar idona ya ce gidan Kaka ba abin yi sai kallon kaji, ɗan nema, shi da ko zakara ba zai iya kamawa ba. Huda kuwa ƙwallo ne a ranta. Shekararta goma sha ɗaya, da ta ji ihun yaran unguwa sai ta zari takalmi ta bi su bakin gudron, inda manyan motoci ke wucewa ba dare ba rana. Ran nan wani direba ya taka birki har unguwa ta amsa, Allah ya tsare, amma tun daga ranar uban ya hana ta fita. Ta wuni tana kumbure-kumbure, washegari suka koma.

Bayan ƙaramar Sallah sai ya kira ni a salula, yana ta zumuɗi kamar yaro. Ya ce ya samo dabara. Zai shimfiɗa ciyawar roba a filin bayan ɗakina, irin wadda suke kira gazon, ya kafa ƙananan raga biyu, ya kewaye da waya, yaransa da na ƙannensa da na maƙwabta su riƙa wasa a gaban idona. Ya ce ba ya son gidan babansa ya koma gidan da ake zuwa gaisuwa a tsaitsaye. Wannan magana ta shige ni ƙwarai. Ban bari ya ƙarasa ba na ce Allah ya yi albarka, a yi.

Tanti, a nan na yi wautar. A zatona shimfiɗa ce irin ta darduma, a baza ta a kan ƙasa, in an gaji a naɗe a jingine. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ce wa 'ya'yan mutane wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, ban yi tambaya ko ɗaya ba.

Sai da ya turo wani magini daga Maraɗi, Ayuba, da mitarsa da turakunsa da igiya, sannan na san inda aka dosa. Yaron kirki ne, ya durƙusa ya gaishe ni, ya sha hura, ya yi mini bayani dalla-dalla. Za a kwashe ƙasar sama zurfin taƙi guda da 'yan kai, a loda a amalanke a kai bayan gari. A zuba jar ƙasa da tsakuwa, a daɓe da inji, sannan a shimfiɗa ciyawar a manne ta, a watsa mata yashi. Ya ja igiyarsa tun daga bakin rijiya har jikin katangar gabas. Ya ce lallen da ke wurin dole a tuge shi, don saiwa tana ɗaga shimfiɗa. Sannan ya sa ƙafa ya taɓa ɗaya daga cikin duwatsun da ke gindin lallen, ya ce waɗannan ma za su yi amfani wajen ciko. Na shige ɗaki na zauna a bakin gado har ya tafi.

Ga abin da Ayuba bai sani ba, ɗana ma bai sani ba. Duwatsun nan shida ne a jere, rabinsu ya nutse a ƙasa. Gutsattsarin tsohon dutsen niƙa ne na uwar mijina, Inna Uwani, Allah ya jiƙanta. Ita ta kafa wannan tsari a gidan. Duk haihuwar da na yi, ko a ɗaki ko a matarnite, asibitin haihuwa, sai an kawo mabiyiya gida a rufe cikin ƙwarya, ta wanke ta da hannunta, ta haƙa rami a gindin lallen ta binne. Ran da cibiya ta faɗi ta tura ta a gefe, sannan ta dasa dutse a kai don kada wani ya yi haƙa a wurin bisa rashin sani. Takan ce yaron da cibiyarsa ke gida, ko Makka ya je sai ya waiwayo. 'Ya'yana biyar, duwatsu shida. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ƙirga.

Ina da shekara ashirin na yi cikin fari. Da an bi yadda aka saba, Urafane za a kai ni in haihu a gaban mahaifiyata, har an sa rana an ɗaure kaya. Sai ɗiyar ta yi gaggawa ta zo da wata bakwai, wata Laraba da hantsi, ina tsaka da tankaɗe. 'Yar mitsitsiya, sai gashi cike da kai. Ta kai suna, aka yanka rago, aka raɗa mata Mardiya. Kwana huɗu bayan suna ta koma.

Kin san kunyar ɗan fari a wancan zamani. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, sai an miƙo mini ita an fita. Nono ma sai na juya wa ƙofa baya. Sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Da ta rasu aka ce in yi shiru, ni yarinya ce, wasu na tafe, kuka a kan ɗan fari rashin ta ido ne. Na haɗiye. Maza suka naɗe ta a ɗan ƙyalle suka fita da ita, mu kuwa mata ba ma bin gawa. Na sha ɗaura niyyar in tambayi Malam wane gefe na maƙabarta aka sa ta. Shekara arba'in muna tare, muna hira har ta siyasa, amma wannan tambaya ɗaya nauyi ya hana ni, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba. Ya tafi da saninsa. Babu hoto, babu takardar haihuwa. Yau duk faɗin duniyar nan ba abin da ke nuna Mardiya ta taɓa zuwa sai dutsen farko daga hannun dama. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunanta, kuma sai da na aje biro na huta.

Kada ki ɗauka wani abu nake yi a wurin. Ban taɓa zuba hura ko kunna turare ba, ba na roƙon dutse komai, na san addinina daidai gwargwado. Kujera kawai nake ja bayan la'asar in zauna ina ɓarar gujiya, in juye wa lallen sauran ruwan buta. Wani lokaci in ɗora tafin ƙafata a kan dutsen in yi lissafi, in ce da yanzu tana da arba'in da uku, da wataƙila ta aurar da ɗiya, da ita ce za ta riƙa yi mini faɗa a kan shan magani.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, shi ma Abdul Razak wannan lungun yake so, ba wani ba. Nan suka tashi suna buga ƙwallon tsumma shi da ƙannensa, ƙafa ba takalmi, ƙura har cikin tukunyata. Dutsen farko da na ƙarshe su ne ragarsu. Malam ya dawo daga aiki, ko ruwa bai sha ba, ya tattare babbar riga a kafaɗa ya tsaya a tsakani yana tsaron gida. Da gangan yake barin autansu Jamilu ya ci shi, ya zube ƙasa yana salati, yara su hau kansa. Inna Uwani ta fito da muciya tana korarsu, tana cewa za su kashe mata lalle, su kuma su ɗauka lallen take yi wa. Ni ina bakin murhu ina dariya, a raina ina cewa ƙyale su Inna, ai da yayarsu suke wasa. Wallahi ina kewar wannan hayaniya. Yanzu in tsintsiya ta faɗi a tsakar gidan nan sai na ji ƙararta daga ɗaki.

Shi ya sa ya gaya wa Ayuba raga ɗaya dole a nan za ta tsaya, daidai inda babansa yake tsayawa. Da yake faɗa mini haka sai na ji muryarsa ta canza, ya yi tari, ya ce layin ne ba kyau. Ki gaya mini, da wane baki zan ce masa a'a?

Ciyawar ta riga ta iso, naɗi uku, tana jingine a zaure, koriya shar. Akuyata ta je ta sunsuna ta kama gabanta, ta fi ni wayo, ita tun farko ta gane abin da aka kawo. Huda ta aiko mini saƙon murya tana cewa bana duk bakansi a Tasawa za ta yi, har ta ba ni aikin alƙalin wasa. Sau uku ina ɗaukar salula in kira ubanta, sai in ƙare da tambayar lafiyar matarsa. Ya san dai an taɓa yin wata kafin shi ta koma, a bakin gwaggonninsa ya ji, amma bai san sunanta ba, bai san dutsen ba. Ina tsoron ya ce camfi ne, kin san yaran yanzu kowa malami ne. Ina tsoron ya ji haushi na bari sai da kaya suka iso. Ina kuma tsoron in na hana, jikokin su ɗauke ƙafa, in zauna daga ni sai duwatsu. Wani lokaci in ce wa kaina, ke tsohuwa, ƙasa ta cinye abin nan tun tuni, rayayyu sun fi cancanta. Sai in tuna ƙafar Ayuba a kan dutsen, in ji ba zan iya tsayawa ina kallo a loda shi a amalanke ba.

In yi shiru in bar su su yi wasansu, ko in yi magana in ɓata wa ɗana abin da ya yi da zuciya ɗaya? Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ya sa ta ƙi tsayawa.

Taki,
Mai Lalle a Bayan Ɗaki, Tasawa.

AMSAR TANTI BARIRA

Wa alaikumus salam, Malama Mai Lalle.

Kafin komai, Allah ya jiƙan Malam da Inna Uwani, Allah ya sa Mardiya mai ceto ce. Na san shekara arba'in da uku ke nan, amma na lura ba a ba ki damar karɓar wannan gaisuwa a lokacinta ba. To ki karɓa yau.

Yanzu ga aiki. Ɗanki bai yi laifi ba. Ya nemi izini, kin ba shi, har da albarka a kai. A zamanin da wasu ke sa wa gidan iyaye kwaɗo su manta hanya, naki yana neman dalilin da zai sa 'ya'yansa su yi ɗokin zuwa wurinki, yana kuma neman raba yara da bakin gudron. Ba zai girmama abin da bai san da shi ba, rashin sani ya fi dare duhu. Ayuba ma dutse ya gani, kuma dutse ya taɓa.

Ke ma ba camfi kike yi ba. Camfi shi ne ki ɗauka dutsen zai amfane ki ko ya cutar da wanda ya ɗauke shi. Uwar da ta zauna a wurin da take tuna ɗiyarta ba ta yi wa kowa laifi ba. Wurin ba kabari ba ne, don haka a fahimtata ba zunubi in an kwashe, ba zunubi in an bari. In zuciyarki na son ƙarin natsuwa, ki tambayi malamin da kika yarda da shi, amma kada ki mayar da wannan dalilin ƙara sati ɗaya kina jan ƙafa. Laifinki guda ne, Malama, kuma zan faɗa miki shi kai tsaye: kina tsaye aka ja igiya a kan dutsen, kika shige ɗaki.

Abin da ba ki lura da shi ba, ke da ɗanki ba ja-in-ja kuke yi ba. Lungu ɗaya kuke so, kowa da wanda yake tunawa a cikinsa, kuma lungun zai ɗauke ku duka. Na tambayi wani da ya san wannan aiki. Ya ce ciyawar da wuƙa ake yanka ta daidai girman wuri, turakun Ayuba kuwa da hannu aka kafa su, da hannu za a matsar. A ja igiyar baya taku uku daga katangar gabas. Dama barin rata a jikin katanga yana da amfani, ruwan damina zai sami hanyar fita, ƙwallo kuma ba zai riƙa cin ginin ba. A haƙa ɗan siririn rami tsakanin filin da lallen a jera bulo da siminti, ya tare saiwa. Ragar ta tsaya a gaban duwatsun, a ɗaga waya mai tsayi a bayanta don kada a buge miki tiren gujiya. Malam zai matso gaba da taku uku ne kawai. Filin zai ɗan ragu, amma Huda ba gasar ƙasa za ta buga a bayan ɗakinki ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ki ƙara masa da wannan, zai gode miki. Robar nan da bazara tana ɗaukar zafi har ta ƙona tafin ƙafa, saboda haka duk wani ganye mai rai da ke gidan a bar shi, yara su sa takalmi, su jira rana ta yi sanyi, a ɗan yayyafa ruwa kafin wasa. Masu shayi kuma su yi nesa da ita da garwashinsu.

Ki kira shi a wannan satin, kafin ya kamo hanya, kafin ma'aikata su ɗaura niyya. Tun ran gini ran zane. Ki fara da godiya. Ki ba shi labarin dardumar da kika zata, ki bar shi ya yi miki dariya, dariyar za ta buɗe muku ƙofa. Sannan ki ce ya ƙirga 'yan ɗakinsu, ya kuma tuna duwatsu nawa ne a jeren ragarsu ta dā. In ba za ki iya faɗa masa kai tsaye ba, ke malama ce, ki rubuta masa abin da kika rubuto mini, ko ki yi masa saƙon murya kina ke kaɗai a ɗaki. Amma kada ki aiki ƙanwarsa ko gwaggonsa. Wannan magana daga bakinki ya kamata ya ji ta.

In har ta tabbata filin ba zai yiwu ba sai an kai jikin katanga, to kada ki bari amalanke ya yi miki aikin. Ki ɗaga duwatsun da hannunki, ki ɗebi ƙasar wurin a daro, ki mayar da su ƙofar ɗakinki, ki dasa sabon lalle. Sai dai ba na jin za a kai nan. Mutumin da ya ɗora wa layin salula laifi don kada uwarsa ta ji yana kuka a kan inda babansa yake tsayawa, ba shi ne zai ce miki camfi ba. Wataƙila ya ji zafin an ɓoye masa. Ki ba shi lokaci, shi ma yaya ya rasa.

Magana ta ƙarshe, kuma ita ce babba. Ba digar Ayuba ce ta fi ba ni tsoro ba. Ko an bar dutsen nan inda yake, ke kaɗai kika san na wace ce. Ran da kika bi Malam, bayan tsawon rai, wani zai ɗauke shi ya tokare ƙofa da shi, ba da mugun nufi ba. Malam ya tafi da sanin kabarin, kin ɗanɗana zafin haka. Kada ke kuma ki tafi da sunan. Kunyar da kika yi don iyaye da surukai kika yi ta, kin yi ta da kyau, kuma dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Kin sauke wannan nauyi.

Ran da aka gama filin, kafin a buga ƙwallon farko, ki kama hannun Huda da Hisham ki kai su gindin lallen, ubansu na tsaye. Ki bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ki ce wannan na Baba Jamilu ne, wannan na babanku ne, wannan kuma na Gwaggo Mardiya ne. Ki faɗe shi da murya, yadda kike kiran suna a aji.

Allah ya buɗe miki baki, ya yi wa Abdul Razak albarka, ya raya jikoki. Allah ya sa ki daɗe a kan kujerar nan kina jin ihunsu, ƙafarki a kan dutsenki, su kuma sun san da wa suke wasa.

Taki,
Tanti Barira.